Tumbi Mai Gadi Ne: Yadda Sukarin Jini Ke Juya Yunwa da Ƙoshi

Da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, akwai wata magana da ba ka rasa ji a ofisoshinmu: "Kai, sukarina ya sauka." Mai maganar ya karya tun ƙarfe bakwai da shayi mai cokali uku na sukari da rabin burodi, ya yi gyatsa, ya yi hamdala, ya fito aiki. Yanzu ga shi hamma ta dame shi, idanunsa sun yi nauyi, cikinsa sai ƙugi yake yi. Nan take zai aiki masinja ya sayo masa lemon kwalba da fanke. Cikin minti goma ya wartsake, amma kafin la'asar ya koma gidan jiya.

A wani gidan kuma akwai dattijuwar da ta shekara goma sha biyar da ciwon sukari. Loma uku take yi ta ture kwano, ta ce ta ƙoshi. Cikinta a kumbure, zuciyarta tana tashi, wani lokaci ta amayar da abin da ta ci tun safe. 'Ya'yanta sun yanke hukunci cewa olsa ce, sun cika mata kwaba da farin maganin nan na kwalba.

Mutanen nan biyu labari ɗaya suke ba mu, ɗaya daga wannan ɓangare, ɗaya daga wancan. A ganina, mun daɗe muna auna abinci da tambayoyi biyu kacal: me aka ci, kuma nawa aka ci? Mun bar ta uku, wadda ita ce ta fi kusa da yunwa da ƙoshi da hawan sukari: da wane irin sauri abincin ya bar tumbi ya shiga jini? Duk wanda ya fahimci wannan tambaya zai sauya yadda yake kallon kwanonsa, zai kuma rage saurin zargin kansa ko wani da haɗama.

Cokali ɗaya a cikin jini

Bari mu fara da wani lissafi mai ban mamaki. Baligi yana ɗauke da jini kimanin lita biyar. Idan lafiyarsa ƙalau kuma bai ci komai ba tun dare, sukarin jininsa yakan tsaya tsakanin 70 da 99 a ma'aunin da yawancin na'urorinmu na gida ke nunawa, wato miligiram a kowane mililita 100. Idan ka tara duk sukarin da ke yawo a jinin nan, bai wuce giram huɗu zuwa biyar ba, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda. Ƙwaƙwalwa kuwa ita kaɗai tana cinye kusan giram 120 a yini, ga shi ba ta da rumbun ajiya na kirki. Dole a riƙa kawo mata a kai a kai, ba yankewa.

To, kwano ɗaya na shinkafa ko malmalar tuwo yana ɗauke da sitacin da zai rikiɗe ya zama sukari ninki goma ko fiye na abin da ke cikin jinin gaba ɗaya. Da za a juye shi lokaci guda, da an shiga uku. Abin da ke hana hakan shi ne tumbi. Tumbi ba ya tsotse sukari ya kai jini. Wannan aikin ƙaramin hanji ne. Aikin tumbi shi ne ya karɓi abinci ya ajiye, ya markaɗa shi da tsokarsa wadda ke motsawa kimanin sau uku a minti, sannan ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan ta wata matsattsiyar ƙofa da ke ƙasansa. A mai lafiya, abin da ke wucewa ta ƙofar nan bai cika haura kalori ɗaya zuwa huɗu a minti ba. Ka ɗauke shi kamar mai gadin madatsar ruwa: ruwan yana da yawa a baya, amma gonakin da ke ƙasa suna samun daidai abin da za su iya sha ne.

Lura da tazarar da ke tsakanin ɗaya da huɗu. Mutum biyu masu lafiya za su ci daga kwano ɗaya, tumbin wani ya saki abinci da saurin da ya ninka na ɗan'uwansa. A shekarar 1993, Michael Horowitz da abokan aikinsa a birnin Adelaide na Ostareliya sun nuna cewa wannan bambancin sauri shi kaɗai ya isa ya bayyana kusan kashi ɗaya bisa uku na bambancin da ake gani a hawan sukari tsakanin mutane bayan sun sha ruwan gulukos iri ɗaya.

Mutumin da ya haɗiyi balan-balan

Tambayar me ke kawo yunwa ta daɗe tana wahalar da masana. A 1912, Walter Cannon na Jami'ar Harvard a Amurka ya samu ɗalibinsa, A. L. Washburn, ya koyi haɗiye balan-balan da aka ɗaura a bakin siririn tiyo. Idan ta isa tumbi sai a hura ta, a haɗa tiyon da na'urar da ke zana motsi. Duk lokacin da Washburn ya ji yunwa ta murɗe shi sai ya danna maɓalli. Suka ga murɗawar tana zuwa daidai da lokacin da tumbin ke matsewa da ƙarfi. Cannon ya kammala cewa yunwa motsin tumbi ce.

Bayan an gano sinadarin insulin a Toronto ta Kanada a 1921, sai aka samu hanyar saukar da sukarin jini da gangan. A 1924, Anton Carlson na Jami'ar Shikago da abokin aikinsa Bulatao suka yi wa karnuka allurar insulin. Da sukari ya faɗi, tumbin ya shiga matsewa da ƙarfi. Da aka mayar da gulukos ta jijiya, ya lafa. Nan ne aka fara ganin ƙarara cewa jini yana ba tumbi umarni.

Sai dai bayanin Cannon ya ci karo da wata hujja: mutanen da aka cire wa tumbi baki ɗaya ta hanyar tiyata sun ci gaba da jin yunwa. Ashe akwai wani alƙali a sama. A 1953, Jean Mayer, Bafaranshen da ke aiki a Harvard, ya kawo ra'ayin cewa a cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin da ke lura da sukari, su ne ke tayar da yunwa ko su kwantar da ita. Mayer ya yi wata lura mai kyau: abin da ƙwayoyin ke aunawa shi ne sukarin da suke iya amfani da shi, ba yawan wanda ke yawo a jini ba. Shi ya sa mai ciwon sukarin da ba a fara yi wa magani ba yakan ci kamar gara, yana ramewa, alhali jininsa cike yake da sukari. Abinci yana ƙofar gida, mabuɗin, wato insulin, babu.

Magana ce ta kai da komowa

Abin da aka tabbatar daga baya shi ne cewa hanyar tana da hannu biyu. Saurin tumbi yana ƙayyade hawan sukari, shi kuma sukarin da ya hau yana komowa ya ja wa tumbi linzami.

A 1990, masu bincike na Adelaide sun riƙe sukarin wasu masu ciwon sukari a sama ƙwarai ta hanyar ƙarin ruwan gulukos, suka ga abinci ya daɗe a tumbinsu fiye da ranar da sukarin yake daidai. A 1997, wani binciken da aka yi a Suwidin tare da Horowitz ya nuna cewa ba sai sukarin ya yi tashin gwauron zabi ba. Ko a lafiyayyen mutum, ɗaga shi daga kimanin 72 zuwa 144, wato irin hawan da ake samu bayan cin abinci na yau da kullum, ya isa ya rage wa tumbi sauri. Ƙasan tumbin da ke niƙa yakan yi sanyi, ƙofar fita ta ƙara tsukewa, saman tumbin ya saki jiki. Jiki yana cewa ne: wanda aka kawo bai ƙare ba, a dakata.

Idan sukari ya faɗi ƙasa da kima kuwa, sai a ga akasin haka. Ƙwaƙwalwa takan aika saƙo ta wata doguwar jijiya da ke saukowa daga kai zuwa ciki, wadda likitoci ke kira bagus. Tumbi ya hau matsewa, ya tsatso ruwan tsami, ya buɗe ƙofa, ya tura duk abin da ke ciki zuwa hanji da gaggawa. A daidai lokacin ne mutum ke jin wata irin yunwa mai tafe da karkarwa da gumi da bugun zuciya. Wannan martani yana da tabbas har ta kai likitocin tiyata na shekarun 1940 zuwa gaba suna amfani da shi wajen gwaji: idan sun yanke jijiyar bagus don maganin gyambon ciki, sai su yi wa majinyaci allurar insulin, su duba ko tumbin zai tsatso tsami. Idan ya tsatso, to akwai ragowar jijiya da ba a yanke ba.

Ba jini kaɗai ke magana da mai gadin ba. Hanji ma yana da bakinsa. Idan maiƙo da furotin suka iso shi, yakan saki sinadaran da ke gaya wa tumbi ya rage gudu, su kuma gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Mafi shahara a cikinsu a yau shi ne GLP-1. Tumbi da kansa yana fitar da girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999, mai tashi kafin cin abinci ya kwanta bayansa. Wani abin lura game da girelin shi ne yana koyon agogo: yakan tashi a lokacin da ka saba cin abinci, ko da sukarinka bai motsa ba. Shi kuwa ƙugin ciki, yawanci shara ce. Idan tumbi ya zama wayam, duk bayan kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu wata igiyar motsi takan taso ta share ragowar abinci zuwa ƙasa. Ƙarar tsintsiyar ce kake ji.

To, sukarin ma'aikacin nan ya sauka kuwa?

Da za ka soki yatsansa ka gwada, mai yiwuwa ka ga lamba mai kyau, wadda ba ta ko kusa da 70 ba. A jikin lafiyayyen da ba ya shan maganin sukari, hanta tana da ajiyar da take sakewa ta tare faɗuwa ta haƙiƙa. Saboda haka a ma'anar likita, sukarinsa bai sauka ba. Amma kuma ba ƙarya yake yi ba.

Shayi mai sukari da farin burodi ba su ba tumbi wani aikin niƙa ba. Ruwa yana wucewa da sauri, burodin kuma garinsa ya riga ya yi laushi tun daga injin. Sukari ya kwarara cikin jini, jiki ya mayar da martani da insulin mai yawa, shi kuma insulin ɗin ya ci gaba da aiki bayan tumbi ya riga ya zama fanko. Sai sukarin ya gangaro, a wasu mutanen har ya ɗan zarce inda ya taso. Tun a shekarun 1980 an lura a jikin ɓeraye, daga baya a jikin mutane, cewa ɗan gajeren gangarowa na kimanin kashi goma cikin ɗari yakan riga neman abinci da 'yan mintoci. Ƙwaƙwalwa tana lura da alkiblar da sukarin ya dosa, ba ta jira sai ya kai ƙasa.

A 2021, masana daga King's College ta Landan da abokan aikinsu sun wallafa sakamakon bibiyar mutum 1,070 a Birtaniya da Amurka, waɗanda aka maƙala wa na'urar auna sukari dare da rana. Sun gano cewa gangarowar da ke zuwa awa biyu zuwa uku bayan karin kumallo ta fi tsayin hawan farko nuna wanda zai ji yunwa. Masu gangarowa sosai sun nemi abinci na gaba kusan rabin awa kafin sauran, kuma sun ci ƙarin kalori wajen 300 a yinin. Adalci ya sa a faɗi abu biyu game da wannan bincike. Na farko, alaƙa ya nuna, kuma ƙarin jin yunwar da mutanen suka bayyana bai wuce kashi tara cikin ɗari ba. Na biyu, kamfanin da ke sana'ar ba da shawarar abinci ne ya ɗauki nauyinsa. Duk da haka, sakamakon ya dace da abin da aka riga aka gani shekaru da dama kafinsa.

Abin da nake ƙi shi ne maganin da ma'aikacin ya zaɓa. Galibin lemon kwalba yana ɗauke da kimanin giram goma na sukari a kowane mililita 100, ga shi ruwa ne, ba ya tsayawa gaisawa da mai gadi. Ya kashe wutar ƙarfe sha ɗaya da abin da zai kunna ta ƙarfe biyu. Bahaushe ya yi wa yunwa kirari da "a ba ki a huta", amma akwai abin da in ka ba ta, aike ta ka yi ta dawo da ƙawayenta.

Tuwon alkama da batun sauri

Wannan ya kawo ni ga shawarar da aka fi ba sabon mai ciwon sukari a ƙasar nan: ka bar shinkafa, ka bar tuwon masara, ka koma alkama. Mutane da yawa sun bi, suna tuƙa garin alkama mai laushi kamar hoda, suna cin malmala biyu da kwanciyar hankali, suna mamakin yadda lambar ba ta sauka. Tun 1981 David Jenkins na Jami'ar Toronto ya fito da ma'aunin da ke jera abinci bisa yadda suke ɗaga sukari. A jadawalin da aka tara bisa wannan ma'auni, burodin da aka yi da garin alkama mai dusa da farin burodi kusan kafaɗa da kafaɗa suke. Dalili kuwa shi ne niƙa. Idan injin ya mayar da ƙwaya gari, ya riga ya yi wa tumbi aikinsa, sunan hatsin bai cika yin tasiri ba.

Akwai wani bincike da ya shafe mu kai tsaye. A 2018, Fatimata Cisse da Bruce Hamaker na Jami'ar Purdue da abokan aikinsu suka wallafa gwajin da suka yi a Bamako ta ƙasar Mali, inda suka auna saurin fitar abinci daga tumbi. Tuwon gero da na dawa masu tauri, da wani abincin gero mai tsaki-tsaki dangin dambu da burabusko, sun ɗauki kusan ninki biyu na lokacin da farar shinkafa da dankalin turawa da taliya suka ɗauka. Mutanen da aka gwada kaɗan ne, don haka ba a gina gini mai hawa a kansa. Amma ya yi daidai da abin da kowane manomi ya sani: wanda ya karya da ɗumamen tuwon dawa yakan kai azahar a kunya bai waiwayi gida ba, ya ce abincin ya riƙe masa ciki. Kalmar "riƙe ciki" ta faɗi ainihin abin da ke faruwa.

Hatta jerin da ake bi wajen ci yana da tasiri. A 2015, likitoci a kwalejin Weill Cornell ta New York sun ba mutum 11 masu ciwon sukari abinci iri ɗaya a ranaku biyu. Rana ɗaya suka fara da burodi da ruwan lemo, ɗaya ranar suka fara da kaza da ganye, burodin da lemon suka biyo baya da minti 15. A rana ta biyu, sukarin da aka auna bayan awa ɗaya ya yi ƙasa da na ranar farko da fiye da kashi ɗaya bisa uku. Abincin bai canja ba, yawansa bai canja ba. Furotin da ganye ne suka riga isa suka sa hanji ya ja wa tumbi birki.

A aikace, wannan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Koko da ƙosai ya fi koko da sukari zalla. Shinkafa da wake ta fi shinkafa tsura. Kwaɗon zogale ko na rama kafin tuwo, miya mai yawan ganye, gyaɗa ko ƙwai tare da shayin safe, lemon zaƙi a sha shi da ɓargonsa maimakon a matse ruwansa: duk hanyoyi ne na ba mai gadi abin yi. Ba na cewa yawa ba shi da muhimmanci. Malmala uku malmala uku ce ko da ta dawa ce, duk sitacin zai isa jini komai daren daɗewa. Amma wanda abincinsa ke tafiya sannu ya fi samun sauƙin tsayawa a malmala ɗaya, domin ba ya kokawa da yunwar da abincin da kansa ya haifar.

Idan mai gadi ya gaza

Mu koma ga dattijuwar nan. Sukarin da ya shekara da shekaru a sama yana lalata jijiyoyi, kuma ba na ƙafa da ido kaɗai ba. Yana taɓa jijiyar bagus, yana kuma rage ƙwayoyin da ke kaɗa wa tumbi gangar motsinsa. Sakamakon shi ne tumbin da ya yi kasala, abinci ya kwana a ciki ba tare da wani abu ya toshe hanya ba. Wani likita mai suna Kassander ne ya raɗa wa wannan hali suna a 1958, sunan da ma'anarsa ita ce shanyewar tumbi ta masu ciwon sukari. Alamominsa su ne saurin ƙoshi, kumburi, tashin zuciya, amai, da ciwo a saman ciki.

Mu kuwa duk ciwon da ya taso tsakanin ƙirji da cibiya sunansa olsa, kuma mun haƙiƙance yunwa ce ke kawo ta. Alhali tun shekarun 1980 Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka nuna cewa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa mafi yawan gyambon ciki, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2005. Sai kuma magungunan kashe ciwo da ake sha barkatai. Illar wannan laƙabi ga mai ciwon sukari babba ce. Za a ce kada ta bari cikinta ya zama wayam, ta riƙa shan madara da kunu mai zaƙi. Sukari ya ƙara hawa, hawan ya ƙara daskarar da tumbi, alamomin su tsananta, a ƙara mata abin da ya jawo su.

Haɗarin ya fi girma ga mai allurar insulin. An tsara allurar kafin cin abinci ne bisa zaton abincin zai isa jini a kan lokaci. Idan tumbi ya riƙe shi, allurar za ta iso ta tarar babu kowa, sukari ya faɗi warwas jim kaɗan bayan an ci abinci. Bayan awoyi, lokacin da ƙarfin allurar ya ƙare, sai abincin ya sauko, sukari ya yi sama. Iyali su ga lambobi suna hawa da sauka ba kan gado, su zargi majinyaciya da satar cin zaƙi. Duk mai ciwon sukarin da ke ganin haka ya kamata ya gaya wa likitansa a fili, ya kuma tambaya ko tumbinsa ne ya yi nauyi. Akwai gwaji, akwai gyaran lokacin allura, akwai sauya tsarin ci zuwa kaɗan-kaɗan mai laushi da ƙarancin maiƙo. Ka ga a nan shawarar ta juya: abin da ke taimakon ma'aikacin can, wato ganye mai yawa da abinci mai nauyi, shi ne zai ƙara wa dattijuwar wahala. A farkon ciwon sukari nau'i na biyu kuma, sau da yawa tumbin sauri yake yi fiye da kima. Shi ya sa shawarar da aka tura wa kowa da kowa a WhatsApp ba ta da amfani.

Magungunan rage ƙiba da ake ta yayi yanzu ma a kan wannan hanya suke tafiya. A 1992, wani likita a New York mai suna John Eng ya gano wani sinadari mai kama da GLP-1 a dafin wani ƙadangare na hamadar Amurka da Meziko. Daga nan aka samu maganin farko na wannan dangi a 2005, sannan Ozempic ya biyo baya a 2017. Suna rage sha'awar abinci a ƙwaƙwalwa, suna kuma rage wa tumbi sauri, musamman a farkon amfani, abin da ya sa tashin zuciya ya zama ruwan dare ga masu yin su. A 2023 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ana iya tarar da abinci a tumbin masu wannan allura ko da sun yi azumin da ake buƙata kafin tiyata. Wanda ke sayen ta a bayan fage ya sani cewa da mai gadin cikinsa yake wasa. Akwai kuma darasi a nan ga masu wa'azin ƙarfin hali: mutumin da aka shekara ana kira mai zari, allura ɗaya a mako ta sa ya manta da abincin rana. Halinsa bai sauya ba, saƙon da ke isa ƙwaƙwalwarsa ne ya sauya.

Darasin watan azumi

Babu lokacin da muke gwada wannan ilimi a jikinmu kamar Ramadan. Wanda ya yi sahur da shayi da burodi ya san yadda hantsi ke yi masa, wanda ya yi da tuwo ko wake ko fura da nono shi ma ya sani. Da magariba kuma, mu kan tari tumbin da ya wuni a wofi da kofuna na zoɓo da kunun aya da lemo masu zaƙi, sukari ya yi tsalle, sannan mu ɗora soye-soye masu maiƙo. Sukari mai yawa da maiƙo, kowannensu birki ne ga tumbi. Shi ne nauyin cikin da ke sa mutum ya tsaya tarawihi da ƙyar. Dabino kaɗan da ruwa, a yi salla, a dawo a ci a natse, ya fi dacewa da yadda aka gina jikin.

Ga masu ciwon sukari maganar ta wuce jin daɗi. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 13 aka wallafa a 2004, wanda ya ƙunshi mutum fiye da 12,000, ya nuna cewa kusan kashi 79 cikin ɗari na masu nau'i na biyu sun yi azumin aƙalla kwana 15, kuma mummunar faɗuwar sukari ta ninka kusan sau bakwai da rabi a cikinsu a watan. Ƙa'idar da ƙwararru suka fitar tare da shawarar malaman addini ita ce a karya azumi idan sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300.

A nan dole in ja layi da babbar murya, kada a fahimce ni a baibai. Duk abin da na faɗa game da lemon kwalba, lafiyayyen ma'aikaci nake nufi. Ga mai allurar insulin ko mai shan ƙwayoyi irin su gilibenkilamaid, karkarwa da gumi da ruɗewa gobara ce. Ya sha sukari mai saurin shiga jini nan take, kimanin giram 15, wato babban cokali ɗaya na sukari ko zuma, ko rabin kofin lemo, ya sake gwadawa bayan minti 15. A wannan hali saurin da na yi ta kuka da shi shi ne ceto.

Abin da nake roƙo

Wani zai ce na ɗora wa sukari da tumbi nauyin da ya fi ƙarfinsu, tunda rashin barci, damuwa, ƙamshin suya a bakin titi, al'ada, da abin da aljihu zai iya saya duk suna da hannu a yunwa. Gaskiya ne, kuma ra'ayin Mayer shi kaɗai bai taɓa isa ya bayyana komai ba. Amma a cikin duk waɗannan, saurin da abinci ke bi ya shiga jini yana daga cikin 'yan kaɗan da mutum ke iya juyawa gobe da safe, da kayan da ke cikin kicin ɗinsa.

Roƙona ga likitoci da ma'aikatan jinya shi ne, idan mai ciwon sukari ya zauna a gabanku, bayan tambayar me yake ci, ku tambaye shi yaya cikinsa yake bayan ya ci, kuma da wane lokaci yunwa ke dawo masa. Ga iyalai, ku daina saurin cewa olsa, ku daina saurin cewa kwaɗayi. Kai kuma mai karatu, gobe idan ƙarfe sha ɗaya ta yi cikinka ya fara ƙugi, kafin ka kira masinja, ka tuna abin da ka karya da shi. Jibi ka ƙara ƙosai ko ƙwai, ka rage cokali ɗaya na sukari, ka duba agogo ka ga ƙarfe nawa yunwar za ta zo.